Mako Ɗaya a Sansani, Sauran Shekara a Nazarat

Karatu: Luka 2:41-52 da 1 Sama'ila 17:32-40

Muna miƙa gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwa da ke Ƙaura Namoda, da Shinkafi, da Zurmi, da ƙauyukan da ke kewaye da su. Barkanku da ruwa. Yanzu marka ce, gero ya fara fid da kai, gulbin Gagare ya kawo, makarantu kuwa suna dogon hutu. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki a kusa, bari ya buɗe Bishara ta hannun Luka, sura 2, ya riƙe wurin da yatsa, za mu iso gare shi ba da jimawa ba.

Wannan ne lokacin da ekklesiyoyinmu sukan tara matasa wuri ɗaya na mako guda. Waɗansu suna ce da shi taron hutu, waɗansu suna cewa kam, mu dai za mu kira shi sansani. Mun sani kalmar nan ta yi nauyi a kunnen mutumin Zamfara cikin shekarun nan. In aka ce sansani, abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne na masu bindiga a daji, ko kuwa na bayin Allah da aka kora daga garuruwansu. Amma ba za mu sakar musu kalmar ba, gama tun kafin wannan masifa ta zo, yaranmu suna da nasu sansanin, inda makamin da ake rabawa shi ne Maganar Allah.

A ce yaro ne ɗan shekara 14. Ran Litinin ya naɗe tabarmarsa, ya sa kwano da cokali cikin bokiti, ya ɗauki Littafi Mai Tsarki, da Littafin Waƙoƙin uwarsa wanda bangonsa ya rabu tun ba a haife shi ba. A ajin makaranta za su kwana, ko cikin majami'a bayan an ture bencuna gefe. Tun da asuba begila za ta tashe su. Addu'ar safe, shara, ɗiban ruwa, sa'an nan kunu da ƙosai in aljihun ekklesiya ya yarda, in bai yarda ba kunu kaɗai. Da hantsi nazarin Littafi ƙungiya ƙungiya, da haddar aya, da gasar nan da akan ɗaga Littafi sama a kira aya a ga wanda zai riga buɗewa. Da yamma fareti da ƙwallo. Da dare waƙa da wasan kwaikwayo, inda kullum yaron da ya fi kowa ban dariya shi akan sa ya fito a Shaiɗan. Sauro kuwa ba ya bambanta ofisa da kurtu. Ran Laraba yaron ya fara kewar tuwon uwarsa. Ran Jumma'a da dare mai wa'azi ya yi kira, yaron ya tashi ya fita gaba da hawaye, bai kula da wanda ke kallonsa ba, ya ce ya ba da ransa ga Yesu. Ran Lahadi an ce a naɗe tabarmi, shi kuwa ba ya son komawa gida.

Wannan abu ba mu muka fara shi ba. A shekarar 1883 wani malamin makarantar Lahadi a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland, mai suna William Alexander Smith, ya ga samarin ajinsa sun gagara zama, sai ya haɗa musu fareti da nazarin Littafi. Haka Boys' Brigade ta fara, wadda mu muke kira Birged. A 1886 ya kai su sansaninsu na farko, a 1908 kuma ƙungiyar ta iso Nijeriya ta Ikko. Ta 'yan mata tushenta yana birnin Dublin tun 1893. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS kuwa a nan Arewa aka haife ta, a Gindiri, a 1957, ita ma ta daɗe tana tara ɗalibai lokacin hutu. Amma in asali ake nema, sai mu koma Littafin Firistoci sura 23, inda Allah ya umarci Isra'ilawa su fita daga ɗakunansu kwana 7 kowace shekara su zauna cikin bukkoki, domin 'ya'yansu su san yadda ya bi da kakanninsu cikin jeji. Watau Allah da kansa ya san akwai abin da yaro ba zai koya ba sai an ɗaga shi daga gadonsa na kullum.

A wannan yanki namu abin ya fi haka nauyi, domin mu kaɗan ne. Tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya a 1929, ana loda gyaɗa da auduga, masu bi suka fara zuwa, ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa, daga baya malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan sanda, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, ga kuma 'yan ƙasa da suka karɓi bishara. Duk da haka, yarinya takan sami kanta ita kaɗai ce Kirista a ajinsu a Zurmi. Yaro a Shinkafi yakan girma yana tsammani masu bi a duniya su ne mutanen nan da yake gani ran Lahadi, waɗanda ba su cika bencin gaba ba. Ranar da irin wannan yaro ya shiga wuri ya tarar da tsararrakinsa sun cika ɗaki, kowa da Littafi a hannu, suna waƙa da murya ɗaya har kwanon rufi yana amsawa, ranar ce yakan gane ashe ba shi kaɗai ba ne. Gani ya kori ji. Kada dattawan ekklesiya su ɗauki kuɗin sansani kamar kuɗin da aka zubar wa yara su yi wasa.

To, amma ga hanya. Ba za mu yi kamar ba mu sani ba. Duk uwar da ke sauraronmu ta san hanyar da ta tashi daga Ƙaura zuwa Shinkafi, ta san wadda ta bi ta Zurmi ta nufi Jibiya, ta kuma san irin labarin da akan ji daga cikinsu. Ba mu manta da watan Fabrairu na 2021 ba, sa'ad da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu a Jangebe. Ba mu manta da Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe makarantun jihar, aka hana cin kasuwannin mako, aka yanke layin waya, har mutum ba ya iya kiran ɗan'uwansa ya ji ko ya sauka lafiya. Saboda haka in yaro ya kawo takardar sansani ya ce, Baba, a sa mini hannu, hannun uban yakan yi nauyi.

Yanzu sai mu duba wurin da muka riƙe da yatsa. Luka ya gaya mana iyayen Yesu sukan tafi Urushalima kowace shekara domin Idin Ƙetarewa, da ya kai shekara 12 kuwa suka tafi tare da shi. Idin nan da na abinci marar yisti da ke biye da shi mako guda ne. Daga Nazarat zuwa Urushalima ya fi kilomita 100, da ƙafa, tafiyar kwana da kwanaki. Mutanen Galili da yawa sukan gangara ta kwarin Urdun su hau ta Yariko, hanyar nan da Yesu da kansa ya ba da misalin mutumin da 'yan fashi suka tare a kanta. Shi ya sa ba a tafiya ɗai-ɗai, sai cikin ayari. Da aka gama Idi suka juyo, suka yi tafiyar yini guda suna zaton yaron yana cikin dangi, da dare suka neme shi babu. Sai bayan kwana 3 suka same shi. Uwar da ɗanta ya taɓa ɓacewa ko na sa'a ɗaya a kasuwar Shinkafi ta san abin da Maryamu ta sha cikin kwanakin nan. Littafi bai ɓoye baƙin cikinta ba, bai kuwa tsauta mata domin ta damu ba.

Ga abin da muke gani game da wannan. Uban da ya ce ɗansa ba zai bi hanyar nan bana ba, kada kowa ya tashi cikin sujada ya ce bangaskiyarsa ce ta kasa. Yusufun nan da muke karantawa, shi ne ya tashi da dare ya gudu da jariri zuwa Masar, da zai dawo kuwa ya ji Arkilayus ke mulkin Yahudiya, sai ya kauce ya nufi Galili. Ku duba Matiyu sura 2. Wanda ya ce wa Yesu ya yi tsalle daga ƙwanƙolin Haikali ya ga ko mala'iku za su tare shi, Shaiɗan ne, da aya ma a bakinsa. Amma kuma Yusufun nan dai shi ne bai fasa kai iyalinsa Idi ba. Ya san lokacin kaucewa, ya san lokacin tafiya, kuma in zai tafi yakan shiga ayari. Don haka shugabannin matasa su yi wa iyaye adalci. In ba za a iya kai yara Gusau ba, a yi sansanin a cikin gari. In mako bai yiwu ba, a yi kwana uku. In kwana a majami'a bai dace ba, yara su zo da safe su koma gida kafin duhu. A tambayi direbobi da 'yan gari labarin hanya, a yi tafiya da rana, kada kuwa a yi ta shelar ranar tashi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce tun da hanya ta ɓaci, shi ke nan an bar yaran haka nan shekara da shekaru, har tsara guda ta tashi ba ta taɓa jin an kira aya ta yi rigen buɗewa ba.

A ina suka same shi? A Haikali, yana zaune cikin malamai. Ku lura da abin da yake yi, domin masu zane sukan nuna shi a tsaye da yatsa sama kamar yana wa'azi. Luka ya fara da cewa yana sauraronsu, yana kuma yi musu tambaya. Ɗan Allah ne, amma yana da shekara 12 ya zauna ya kasa kunne. Yaranmu ma suna tafiya sansani da tambayoyi cike da ciki, irin waɗanda ba sa iya yi wa Baba. Abokina ya tambaye ni yadda Allah zai zama yana da Ɗa, me zan ce masa? An ce an sauya Littafinmu, gaskiya ne? In Allah yana ƙaunarmu, don me aka kashe kawuna a gonarsa? Sau da yawa mukan cika jadawali da wa'azi daga safe har dare, mai magana ya sauka wani ya hau, yaro ya koma gida da tambayarsa yadda ya zo da ita. Malamai, ku bar fili. Ku ajiye kwali a bakin ƙofa, mai jin kunya ya rubuta ya jefa ba suna. In tambaya ta fi ƙarfinku, ku ce ta fi ƙarfinku, ku buɗe Littafi tare da shi ku nema. Yaro yana gane dattijon da ke kewaye-kewaye.

Sai kuma aya 51, wadda ita ce ta kawo mu wannan karatu yau. Yaron da ya nuna wa iyayensa cewa gidan Ubansa ne wurin da ya kamata su fara nemansa, shi ne kuma ya tashi ya bi su zuwa Nazarat, ya zauna ƙarƙashin ikonsu. Daga nan Littafi ya yi shiru. Luka bai sake nuna mana shi ba sai yana da shekara kamar 30. Shekara 18 ke nan a ƙaramin gari wanda har Nata'ala ya yi shakkar ko abin kirki zai fito daga cikinsa. Abin da muka sani kaɗan ne. Markus sura 6 ta nuna mutanen garin sun san shi a matsayin masassaƙi. Luka sura 4 ta nuna shiga majami'a ran Asabar al'adarsa ce. An ba mu labarin mako ɗaya na Idi, sauran kuwa gizago ne da itace, da aike, da ɗiban ruwa, da zama da maƙwabta. A cikin waɗannan shekaru na shiru ne aka ce ya yi ta ƙaruwa, cikin hankali da jiki, a gaban Allah da gaban mutane.

Mu koma ga yaronmu na ɗazu. Ya dawo gida yana cin wuta. Kwana uku yana tashi da asuba yana addu'a, yana waƙa a bayan gida, har yana gaya wa yayarsa ta tuba. Mako na biyu Littafi ya koma kan taga. Kafin a yanke gero ƙura ta rufe shi. Shi kansa sai ya fara cewa a ransa, ashe abin da na ji ran Jumma'ar nan ba gaskiya ba ne. A nan ne haɗarin yake, gama yaron da ya ɗauka ya gwada Yesu abin bai yi ba, ya fi wuyar dawowa bisa ga wanda bai taɓa fita gaba ba. Ɗanmu, abin da ka ji gaskiya ne. Sai dai wutar kara ce, takan tashi da sauri ta haskaka gida duka, amma ba ta kwana. Iyayenmu mata a ƙauye sun san yadda ake kwanar da wuta. Akan sa gungume a murhu, a rufe da toka, da safe a tone a hura, har maƙwabciya ta aiko a ɗibar mata. Kara na kunnawa ne, gungume na riƙewa. Shekara tana da mako 52, sansani ya ɗauki ɗaya, saura 51 a Nazarat.

Mene ne gungumen? Addu'a da karatun Littafi kowace rana, ko aya biyar ce, wannan kun sha ji. Amma akwai wani wanda ba mu cika ambata a bagade ba, shi ne abin da yaro yake yi da hannunsa sa'ad da ba wanda ya sa shi. Ku duba Dawuda. Shi ne auta, aka bar shi da tumaki a jeji. Mai kiwo yana da lokaci mai yawa, Dawuda kuwa ya cika nasa da abu biyu, kiɗan garaya da jifa da majajjawa. Da uban wani ne a cikinmu ya ga ɗansa ya wuni yana jifan kututture, da ya ce yaron nan ba shi da aikin yi. Amma garayar nan ce ta kai shi fada, ita ce ta kwantar wa Saul da rai. Ranar Goliyat kuwa Saul ya sa masa nasa sulke da kwalkwali, kaya masu kyau, na sarki. Dawuda ya gwada tafiya ya kasa, domin bai saba da su ba, ya tuɓe ya ajiye. Kayan aro ba ya rufe katara. Ya gangara rafi ya zaɓi duwatsu 5, ya ɗauki majajjawar da hannunsa ya sani tun yana ƙarami. Ubangiji ne ya ba da nasara, Dawuda da bakinsa ya faɗi haka tun kafin ya yi jifa. Amma ta hannun da ya saba Ubangiji ya bayar, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Yaro mai kiwon tantabara a Ƙaura ya san ma'anar aminci tun ba a yi masa wa'azinsa ba. Ruwa kullum, tsaba kullum, share ɗaki, toshe kafar da muzuru ko gafiya za su bi, ido a sama saboda shaho. Ya san ƙwai biyu takan saka, ya san macen da namijin suna karɓeɓeniyar kwanci har kwana 18 ko kusa da haka. In ya yi sakaci kwana biyu zai ga sakamako a ƙasa. Wanda ya iya tashi kowace safiya domin tantabara, ya riga ya koyi rabin abin da ake bukata domin tashi yin addu'a, saura a nuna masa ya haɗa su, ya zuba musu tsaba ya zauna nan gefe ya buɗe Littafinsa. Ku kuma duba cikin surar nan tamu, aya 24. Sa'ad da aka kai jariri Yesu Haikali, hadayar da Yusufu da Maryamu suka iya kawowa ita ce ta matalauta, tsuntsaye biyu, kurciyoyi ko 'yan tantabaru. Wani ne ya yi kiwonsu. Ba a rubuta sunansa ba, bai kuwa san wanda za a miƙa su dominsa ba.

Ga ƙwallo kuma. A sansani kowa mai bi ne, zama Kirista a can ba wuya. A filin unguwa kuwa yaronmu yana buga wasa da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda tare suka tashi, tare suke cin tumu. A can ba mai tambayarsa haddar aya. Ƙwallo ta taɓa hannunsa, babu alƙalin wasa, shi kaɗai ya sani, zai faɗa ko zai yi shiru? An taɗe shi da gangan, zai tashi da zagin uwar wani? An ci su, zai miƙa hannu? In aka shekara ana wasa da shi har yaran unguwa suka fara cewa, a tambayi wane, shi ba ya ƙarya, to ya yi shaidar da mu masu magana a rediyo ba za mu iya yi ba. Haka yarinyar da ta iya saƙa, ko kitso, ko ta zauna kusa da keken ɗinkin innarta tana haɗa ƙyallaye. A Ayyukan Manzanni sura 9, da Dokas ta mutu a Yafa, gwauraye ba su kawo wa Bitrus labarin wa'azinta ba, riguna suka ɗaga suna nuna masa suna kuka. Da mai ƙera mota da gwangwani, da mai kwance rediyo ya kasa mayarwa, da mai buga ganga a kan bokitin Mama, a cikinsu ne makanikan gobe da mawaƙan ekklesiya suke.

Ba kowane abin sha'awa ne majajjawar Dawuda ba, tilas mu faɗi wannan ma. Waya ta shiga hannun yara, ba kuwa za ta fita ba. A cikinta akwai Littafi Mai Tsarki da Hausa, akwai darasin makaranta, ta WhatsApp kuma abokan sansani sukan ci gaba da tuna wa juna aya. A cikinta kuma akwai abin da zai cinye wa yaro dare duka a TikTok ya bar shi da jan ido, akwai hotunan da ba a ambata, akwai cacar ƙwallo, wadda takan fara da kuɗin kashewa ta ƙare a jakar Mama. Ga ma'auni mai sauƙi, ɗanmu, 'yarmu. In ka tashi daga abin, me ya rage a hannunka? Mai tantabara yana da tantabara, mai saƙa tana da hula. Za ka iya yinsa Baba yana zaune kusa da kai? In ka bar shi kwana uku, kana da kwanciyar rai, ko jikinka yana ƙaiƙayi? Bulus ya gargaɗi Korantiyawa cewa abu yana iya zama halal amma ya mai da mutum bawa. Ka amsa wa kanka tsakaninka da Allah.

Iyaye, ranar da yaro ya dawo daga sansani tana hannunku. Mun san abin da akan yi a gidaje da yawa. Ya shigo da murna yana son ba da labari, sai a ce, to, Fasto ya dawo, a yi dariya. Ko kuwa ranar da ya fara kuskure a ce, ina tuban naka? Da irin wannan magana ake zuba wa garwashi ruwa. Maryamu ba ta fahimci duk abin da ɗanta ya faɗa a Haikali ba, Luka ya nuna haka a fili, amma ta adana al'amarin a zuciyarta, ba ta yi masa ba'a ba. Ku zaunar da shi ku ce, ɗana, me aka koya muku? Ku ba shi addu'ar dare ya bi da iyali, ko yana in-ina. Baba, wata rana ka leƙa ɗakin tantabarun nan ka tambaye shi sunayensu, za ka ji maganar da bai taɓa yi maka ba. Dattawan ekklesiya kuma, kada ku jira sai baɗi. Yaron da ya fita gaba ran Jumma'a, a ba shi aiki tun Lahadin farko, ya karanta nassi, ya buga ganga, ya riƙe ajin ƙanana, a kuma haɗa shi da wani babba da zai riƙa tambayarsa kowane mako inda ya kai a karatu.

Kai kuma da ba ka je ba bana, ko domin hanya, ko domin babu kuɗi, ko domin gona tana bukatarka, mun san ranka ya ɓaci sa'ad da abokai suke ba da labari. Je ka wurin wanda ya je, ka ce ya ba ka ayoyin da suka haddace, ya koya maka sababbin waƙoƙi. Ku sa rana ɗaya cikin mako ku riƙa haɗuwa, ko ku uku ne, a inuwar majami'a ko a zauren gidanku.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, muna miƙa maka yaranmu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, waɗanda suke sansani, da waɗanda suka dawo, da waɗanda suka zauna a gida. Ka tsare masu bin hanya, ka ba direbobi hankali, ka ba shugabanni hikimar shiri. Ka tuna da waɗanda suke hannun masu bindiga a wannan safiya, namu da na maƙwabtanmu, ka komo da su gida lafiya, ka ta'azantar da iyayensu. Ka juyo da zuciyar samarin da suka ɗauki makami. Ka sa albarka ga amfanin gona. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu, Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba labarin yarinyar nan Ba'isra'iliya da aka kama aka kai gidan Na'aman. Ku karanta 2 Sarakuna sura 5 kafin lokacin. Ku huta lafiya.